Wa Ya Kai Zancen Ciwona Majalisa?

Ƙarfi, Lahadi

Aminina Mudi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya kasuwar Dandume? Ya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, tambaya gare ni, kuma kada ka yi mini kwana-kwana. Ciwon nan na dubura, wanda in na shiga bayi nake ji kamar ana tsaga ni da reza, mutum biyu kaɗai na gaya wa: kai da matata Tasalla. To jiya a wurin ciyayya, inda muke haɗa kwanukan tuwonmu a ƙofar masallaci, maƙwabcina Malam Bature ya turo mini ƙullin sassaƙe a ɓoye, wai maganin basir. Shekaranjiya ma Aƙilu mai faci ya ba ni wata kwalba. Ni da ko tsaki ban taɓa yi a gabansu ba! Da gemuna, a ce ana zancen bayana a majalisa? In kai ne, faɗa mini in san inda zan ajiye ka.

Naka,
Ɗanasabe

Ƙarfi, Alhamis

Mudi,

Ina gaishe ka da mutanen gida. Rantsuwarka ta iso, na karɓa. Saura mutum ɗaya ke nan. Ta musa, har da hawaye, amma na lura ta cika shiga gidan Malam Bature, wai aron turmi, alhali ga namu a tsakar gida. Na daina yi mata magana.

Jiki kam babu daɗi. Man shafawa kala-kala na gama da su, na zauna cikin ruwan ɗumi har na gaji, jinin bai tsaya ba. Likita a Funtua ya ce ba basir ba ne, tsaga ce da ta daɗe ta ƙi haɗewa, sai an yi ƙaramin aiki. Shi ma ban yarda da shi ba da farko, yadda bakinsa ya yi saurin zuwa kan wuƙa. Amma huɗa ta wuce ni, babur ya gagare ni, tsoron bayi ya sa ina gudun abinci. Na amince a yi. Tasalla kuwa zan ce mata taki zan je nema.

Naka,
Ɗanasabe

Funtua, Asabar

Aminina Mudi,

Da fatan kuna lafiya. An yi aiki, alhamdu lillahi, raɗaɗin ya fara sakina. Da na farfaɗo, Tasalla na gani zaune gefen gado. Ashe ta ga na bar buhunan da nake ɗauro taki, ta biyo motar baya.

Jiya Malam Bature ya zo dubiya, na tsare shi sai ya gaya mini wanda ya tona ni. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai kwanona ne. Gidan da tuwonsa ke sa mutane hawaye don yaji, rana ɗaya aka koma miyar kuɓewa salam, ga zogale kullum, ga ni ina cin abinci a kishingiɗe. Kowa ya gane tun bara. Shigar da Tasalla ke yi gidansa kuwa, zogalen take tsinko mini, kuma matarsa ta sha bugun cikinta, ita dai cewa take baya ke damuna.

Mudi, kunya ta ishe ni. Tasalla tana wanke ni, tana ba ni kunu a baki, amma tun da ta zo ba ta ce mini uffan ba. Don Allah ka zo gobe ka taya ni ba ta haƙuri. Bakin da na ce ba ya riƙe magana, yau kalma ɗaya nake roƙo daga gare shi.

Naka har kullum,
Ɗanasabe