Rabin Bango Fari

New Orleans, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga kakata Mawmaw,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki? Ƙugun ya fara barinki ki runtsa? Ina gaida Tanti Verna da ta tafi da ke Houston jinya. Mu nan lafiya lau, sai dai jan waken da Mama ta dafa ran Litinin bai kama ƙafar naki ba, kuma ba wanda ya iya gaya mata.

Kin san idan aka miƙo min waya bakina ɗaurewa yake, shi ya sa na ɗauki biro. Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba.

Ranar Dukan Tsarkaka, ranar gyaran kaburbura, da na ce miki ciwon kai ne ya hana ni binki makabarta, ƙarya na yi. Sabine ce ta gayyace ni yawo, babbar 'yan goth na makarantarmu, masu shigar baƙi kamar masu makoki. Wata uku ina rambaɗa kwalli ina saka baƙaƙen kaya kafin ta san ina duniya. Mu biyar muka zaga tsohuwar unguwa, muna ɗaga kai muna kallon barandun ƙarfe masu zanen ganye da ƙofofin da suka girmi kowa. Ranar ce ta farko da na yi tafiya ba wanda ya tambaye ni, "Wa ya mutu?" Can sai Sabine ta ce mu ƙarasa makabarta mu ɗauki hoto.

Su kabarin da ya yi baƙi suke so, wanda ya tsage har ciyawa ta leƙo ta tsagar. Ni ma shi nake so, ba zan ɓoye miki ba. Muna shan kwana sai ga ki a kan tsani da bokitinki, kina shafa wa ɗakin kabarin kakana Pawpaw farar ƙasa. Sabine ta ce, "Ku dubi tsohuwar can, kyan shekara ɗari ta share da burushi ɗaya. Saura ta rataya masa labule." Suka kwashe da dariya. Mawmaw, har da ni.

Kin juyo, kin gan ni. Na ja mayafina na rufe fuska. Kin buɗe baki kamar za ki kira sunana, sai kika mai da kanki ga bango. Duk shekara ni ke riƙe miki tsanin nan. Ba a yi awa guda ba ya zame da ke.

Kin ce wa Mama ƙasa ce ta jiƙe. Me ya hana ki faɗi sauran?

Jikarki,
Lisette

24 ga Nuwamba

Mawmaw tawa,

Ina gaishe ki, ina miki sannu. Tanti ta ce kin fara takawa da sanda, har kina wa masu jinya faɗa, sai na san sauƙi ya samu. Ta ce kin karanta wasiƙata, kin tura ta ƙarƙashin matashi, ba ki ce uffan ba. Ban ga laifinki ba.

Ran Asabar na koma wani ƙaramin gidan tarihi da nake yawan zuwa, mai furannin da aka saƙa da gashin mamata. Mista Alcide, tsohon da ke zagayawa da baƙi, ya saba da ni, Baƙar Kyanwa yake ce min. Da ƙyar na tambaye shi ko farar ƙasa tana ɓata kabari. Ya yi dariya har da tari. Ya ce bulon garinmu laushi gare shi kamar burodi, farar ƙasa ce ke kare shi daga ruwa, ta kuma bar shi ya sha iska. "Waɗanda kuke ɗauka hoton nan, 'yata, ba kyau suka yi ba. Masu su ne suka ƙare."

Na gaya wa Sabine ke kakata ce. Ta ce "Ayya," ta ci gaba da danna waya, tun ranar ba ta sake nemana ba. Abin ya yi min ciwo, amma bai kai wancan ba.

Ran Lahadi na je makabarta. Rabin bango fari, rabi toka-toka, daidai inda kika tsaya. Mista Alcide ya koya min yadda ake dama farar ƙasa kamar madara, Mama ta riƙe tsani. Ba ni da wata kala sai baƙi, don haka rigar leshin da kika taya ni ɗinki na saka. Ta yi ɗigo-ɗigo, wanki biyu bai fita ba.

Nawa bai yi sumul kamar naki ba. Ana ganin layi inda hannunki ya tsaya nawa ya fara, an ce sai shafa ta biyu zai ɓace. Ban yi ba. Na ji likita ya ce ke da tsani har abada, to na ajiye miki kujerar naɗewa a bayan ƙofa. Ki zo ki zauna a ƙasa, ki riƙa ce min na bar gurbi a can sama. Ko ba za ki ce min komai ba sai wannan, ya ishe ni.

Allah ya ba ki lafiya.

Taki,
Lisette