Ku Maido Mani Kulu Jiga Makera

Zuwa ga Hajiya, shugabar nas-nas masu bi gida-gida, ofishin Jega.

Assalamu alaikum. Ranki shi daɗe, ina gaisuwa, ina gaida aiki.

Abin da nika so guda ne: ki maido mani Kulu, nas ɗin da kunka ɗauke daga Jiga Makera kunka kai Gumbin Kure. Ni ce Luba, matar Sani mai albasa. Ban yi karatun boko ba. Da baki nika faɗi, malamar Islamiyyarmu ka rubutawa, kuma na roƙe ta kada ta gyara komi.

Na ɗaya. Yaron da nih haifa bakwaini ne, kuma ɗan fari. Ko gidan iyayena ba a kai ni wankan jego ba yaz zo. Ɗakina ne na farko da Kulu tas shiga da fararen kaya bayan ta ƙare makaranta. Ranar da tar rataya shi ga sikeli hannunta har rawa shikai. Tac ce in ɗaure shi ga ƙirji, fata da fata, in ba shi nono ko bai nema ba. Hajiya, ɗan fari fa. Ko sunanai ba ni faɗi, ko kallonai ba ni yi gaban uwar mijina. Kulu ta san wannan, tare munka tashi. Sai ta saki labule, ta zauna bakin ƙofa da jakarta, kowa yaz zo ta ce dokar asibiti ce, ba a shiga. Nan kaɗai nika samun in rungumi ɗana in dube shi son raina. Duk awo sai ya ƙaru.

Na biyu, laihina. Ranar suna ni ce mai jego, amma Kulu mata sunka yanyame, wagga a auna ta hawan jini, waccan a duba mata ido. Kujera ita anka ba. Cinyar kaza ita anka miƙa wa. Mu da munka yi dashen albasa tare, ƙafa cikin taɓo, ga allo ma na hi ta saurin hadda. Ita anka kai makaranta, ni anka bar ni ga fadama. Da kinka zo zagaye kinka tambaye ni aikinta, nic ce yarinya ce, ba ta iya komi ba, hannunta rawa shikai. Rawar ta rana guda ce, sauran ƙarya niy yi. Amma ke ma, ranki shi daɗe, ba ki tambayi kowa ba. Maganar mace guda mai jin haushi kinka rubuta, mako bai zagayo ba kunka ɗauke ta.

Na uku. Wadda kunka turo dattijuwa ce, ban ce ba ta iya ba. Sai dai tsakar gida taka zama, gaban uwar mijina da matan ƙannenai, ta ɗaga murya ta tambaye ni sau nawa yaro ka shan nono. Da wane baki zan amsa? Sai in ce lahiya lau, ta rubuta lahiya lau, ta tahi. Kwana tara ke nan ban ɗaure shi ga ƙirji ba, don babu mai tsare mani ƙofa. Ƙafafunai sanyi. Ya rage kama nono. Kukan ma kamar na ɗan kyanwa. Ina jin tsoro ƙwarai.

Na huɗu. Masu kai albasa kasuwar Aliero sun ce matan Gumbin Kure sun rungume ta, har hura suka aika mata. Wai akwai mai tagwaye da taka leƙawa sau biyu a wuni. Su mi sunka hi ni? Ba su san ta ba sai da farin kaya. Ni na san ta tun ba ta da takalmi. Labulen wata taka saki yanzu, nawa ɗan na nan shina ramewa.

Roƙona, ki goge abin da kinka rubuta a kanta, kada shi bi ta cikin aikinta, ta fara ke nan. Ki maido ta, ko ranar awo kaɗai. Kahin nan ki turo a duba yaro yau, cikin ɗaki, labule sake. Sunanai Bello. Ban taɓa faɗi da bakina ba sai yanzu, don ku gane katinai.

Allah shi ja zamaninki, shi raya maki naki, shi sa kada ki ga irin wanga tsoro.

Na gaya wa mijina abin da niy yi, ya ce in gobe ba sauƙi Jega za mu da yaro. Na gaya wa ungozoma, tac ce ni nij ja. Malama ga ta ta ji duka, har ta aje alƙalami sau biyu. Kulu ce kaɗai ban gaya wa ba, don har yau ba ta san wa yak kai ƙararta ba. Idan ta ji an karanta wagga takarda, to ta sani, ni ce.

Wassalam.
Luba, Jiga Makera.