Gida na Bakwai

Daren Lahadi, Nuwamba 1994, Highbridge, ƙasar waje

Yaya Bitrus ya bugo waya daga gida da safe. Cocin Methodist na garinmu zai cika shekara arba'in. Yanzu ginin bulo ne, fastoci biyu, har a waje mutane ke zama. Ya ce, "Rifkatu, ke ce ba kya mantuwa. Rubuto mana gidaje bakwai da suka fara sujada a gindin tsamiya. Tsofaffin duk sun tafi."

Na ce masa wannan ai ba wuya.

Na dawo daga aikin asibiti ƙafafuna kamar ba nawa ba, na zauna na rubuta shida. Na bakwai ya ƙi zuwa.

A wancan lokacin ba mu da ƙararrawa. Tsohon ƙarfen tayar mota Baba ya rataya a tsamiyar. Kowace Lahadi da asuba yakan buga sau bakwai, kowane bugu ya kira sunan gida ɗaya.

Ina cikin wannan tunani sai bututun hitar da ke ɗumama ɗakin nan ya fara ƙara, ƙwang, ƙwang, sak ƙarfen Baba. Na bi bugun ina kiran sunayen da muryarsa, har na zo na bakwai, shiru.

Sai na tuna. Bai taɓa kiran suna a na bakwai ba. Gidanmu ne. Mu ba sai an kira mu ba, kullum muna tsaye a bayansa.

Shekara tara rabona da cocin nan. Ko jana'izar Baba ban je ba.

Na rubuta sunansa. Har yanzu bututun bai daina bugawa ba.