Makullin Ɗakin Gaba

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Yaya da iyalinsa da suka karɓe ki. Ya ciwon gwiwar? Mu nan ƙalau muke, in aka cire shayin safe, wanda har yau ban gano sirrinsa ba.

Aiki ya yi mana yawa a maɗaba'a saboda zaɓe. Jiya na duba takardun jam'iyyu uku. Duka sun yi alkawarin 'yanci, biyu sun ƙara da haƙƙi. Maigidanmu ma ya daina wahalar da kansa: rubutun ɗaya ne, launi da hoto kawai yake canzawa. Na tambayi wakilin ɗaya daga cikinsu ko 'yancin me suke nufi, ya ce in duba masa aya da waƙafi, abin da ya kawo shi ke nan.

Na yi ta yi masa dariya har gida. A bakin ƙofa dariyar ta yanke, don na tuna tambayar taki ce, aro na yi. Ranar da kika ce kina son komawa ɗinki, na gyara tabarau na ce ai kina da cikakken 'yanci a gidan nan. Kika ce 'yancin me, a wane ɗaki, daga ƙarfe nawa. Ni kuwa na shiga kawo miki tarihin kalmar. Shekara shida keken ɗinkinki na ƙarƙashin tsofaffin jariduna, ina ta jawabi. Ashe ɗan siyasa kika aura, mota ce kawai ba shi da ita.

Yau kwana arba'in da ɗaya da tafiyarki. Kujerarki ta gefen taga, ko kyanwa ta ƙi hawa.

To, ga amsarki. Ɗakin gaba, mai ƙofa ta titi. Na kwashe littattafaina kaf, kwali goma sha tara, bayana ne shaida. Mai gyara ya zo ya sa wa keken mai. Lokaci kuwa, duk sanda kika ga dama. Abincin rana ni zan riƙa ɗorawa, Allah ya ba yara haƙuri.

Za ki ji wani abu mai nauyi a kusurwar ambulan. Makullin ne. Guda ɗaya ne tak, ban yanka na biyu ba. In ba ki dawo ba, ɗakin a rufe zai zauna.

A gaishe min da Yaya. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki mai kewarki,
wanda kike kira Malam Ƙamus