Mai Kallon Kifi a Bahar Maliya

Madarumfa, ƙarshen rani, 1994

Zuwa ga ƙanena Zakari,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan. Inna na gaishe ka, maigidana Illo na gaishe ka, yara ma haka.

Takardarka ta iso daga Bur Sudan. Na karanta ta a gindin itacen bedin gidanmu, Inna na gefe tana tsinkar zogale. Sai da na maimaita tsakiyarta, don na zaci karatun bokon da na yi a lakwal ne ya gudu. Ashe haka ka rubuta. Mutumin da ya bar gida da niyyar Makka, ya kai bakin Bahar Maliya, hayewa kaɗai ta rage mishi, sai ya tsaya ya zama ɗan rakiyar Nasara cikin ruwa. Ka ce kana goya tukunyar iska a baya, ka cusa tiyo a baki, ka sa takalmin roba mai faɗi irin ƙafar agwagwa, ka ja su ƙasan teku su kalli duwatsun murjani. Ka ce ruwan ɗumi gare shi kamar madarar da aka tatso yanzu. Ka ce kifi ja da shuɗi da ruwan ɗorawa na zuwa har gaban hancinka, kuma mai jirgin da kake wa aiki ya hana a taɓa ko ɗaya.

Zakari, marigayi ubanmu Tsoho ya koya maka nutso a tabkin nan don ka kwance komar kamun kifi in ta sarƙe, ka fito da tarwaɗa a ci tuwo. Kai ka ɗauki abin ka kai inda ake kallon kifi a bar shi ya wuce. Masunta sun tambaye ni sana'arka, na ce aikin jirgi kake yi. Sauran ya fi ƙarfin bakina.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Idon Inna na tafiya. Illo ya kai ta Maraɗi, likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar idon ce ke mutuwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Yanzu ba ta ganin gefe, sai abin da ke gabanta sak, kamar mai leƙe ta hudar ƙofa. Ba ta roƙi komi ba illa ta ga fuskarka. Ka taho.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Indo


Madarumfa, bayan girbi, 1994

Zuwa ga Zakari,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta kifayenka. Mu nan mun gode Allah, gero ya yi, wake ma ba laifi.

Amsarka ta zo. Ka ce yanzu ne lokacin da baƙi ke tuɗaɗowa daga ƙasarsu don gudun sanyi, mai jirgi ba zai iya sakinka ba, kai ne kaɗai ka san lungunan duwatsun. Ashe babban mutum muke da shi ba mu sani ba. Maganar Inna layi biyu ka ba ta. Sauran takardar duk labarin wata kififiya ce mai girman tabarmar salla, wadda ta bi ku tana lilo a ruwa, da wasu ƙananan kifi masu ɓuya cikin wata ciyawa mai motsi. Har ka ce a can ƙasa ne kaɗai ka san natsuwa, ba ka jin komi sai numfashinka. Wannan kam na yarda. A can ba a jin kiran uwa.

Sai hoton da ka sako ciki. Ka ce Inna ta fara kallon wannan kafin ka iso. Ka dai dube shi kafin ka liƙe ambulan? Gilashi ya rufe maka ido da hanci, tiyo ya toshe baki, baƙar roba daga wuya har ƙafa. An ce maka tsohuwa na son ganin fuskarka, ka aiko da hoton da babu fuska.

Ta fita da shi tsakar gida inda rana ta fi haske. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta karkata kai tana neman ka da ɗan ganin da ya rage mata. Can ta ce, “Indo, ina yaron yake? Ni kwaɗo nika gani.” Na nuna mata da yatsa. Sai ta ce, “Ya yi ƙiba, ko?” Na ce mata tukunya ce a bayanka.

Ban yi kuka ba, don ba ka kai in yi kuka dominka ba. Garka na tafi na yi ta ban ruwa har hannuna ya mutu.

In Nasaranka sun gama kallo, ka tuna akwai mai jiran nata.

Indo


Madarumfa, tsakiyar damina, 1995

Zakari,

Ina gaishe ka don Inna ta ce in gaishe ka. Lafiyarka kuwa na san da ita, tunda takardarka ta jiya cike take da labarin sabon dutsen da ka gano, da “wataƙila bayan babbar Salla” a ƙarshe.

Idon ya tafi. Ran wata Juma'a ta tambaye ni ko hadari ne ya haɗu, in kwashe shanya. Rana tsaka ce, sama tas. Tun daga nan sai da hannu take gane ƙofar ɗakinta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kai ne hirarta. Da la'asar ƙawayenta Tani da Ɗelu na zuwa, sai ta sa in ɗauko takardunka in karanta. Ta haddace su. In na tsallake kififiya sai ta tsai da ni. Tana faɗa musu ɗanta na yawo inda murjani ke tsirowa kamar geza a bakin gulbi, wanda mata ke ɗaurawa a wuya shi ko kallo bai ishe shi ba. Sai ta ciro hoton ta nuna musu, sau da yawa a juye. Ba mai gyara mata, don kai ɗin ma ba a gane kanka da ƙafarka a ciki. Ni da ke dama mata fura, in kai ta bayan ɗaki, in yanke mata farce, ni ce mai karanto kirarinka.

Jiya da na ɗauko takarda zan ba ka amsa, ta ji ƙarar yagewarta. Ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, “Kada ki gaya mishi idon ya tahi. In ya ji, kunya za ta hana shi zuwa har abada. Ki ce ina gani kaɗan-kaɗan.”

Ka ji yadda uwarka ta san ka. Ta san ba za ka iya tsayawa gaban abin da ka yi ba, shi ya sa take son a yi maka ƙarya a lallaɓo ka gida kamar ɗan akuya. Ni ban yi mata alkawari ba. Na gaya maka gaskiya don kada gobe ka ce ba ka sani ba. Ba za ta ƙara ganin fuskarka ba, kai ka yi wannan. Amma hannunta na nan, kunnenta na nan, kuma duk motar Maraɗi da ta tsaya a bakin hanya sai ta ɗaga kai.

Wannan ce takardata ta ƙarshe sai wadda ba ka son samu. In ka zo, ka tsuguna a gabanta ta shafa kanka. In ba ka zo ba, na san ta yi gaskiya a kanka, kuma ba zan gaya mata ba.

Allah Ya ba ka abin da ka ba ta.
Ɗiyar Tsoho masunci, Indo