Tarin Baba

Baba,

Daga yau ba ku da lafiya. Ku yi haƙuri, ni na ɗora muku cutar.

Ɗazu kuna barci Kwabena ya yi gurnani daga cikin rijiya, har kwanon rufi ya amsa. Dodon tafki dai ba ya girma shiru. Daidai lokacin Hajiya Barkisu mai gidan nan ta shigo aron turmi. Ta tsaya cak ta ce, “Ei, Kausara, me kuka ajiye mini a gida?” Na ce tarin Baba ne. Ta ce ai jiya ta gan ku a unguwar Alabar kuna cin waakye, shinkafa da wake. Na ce a can ya fara. Karatun da na yi a Turkiyya bai koya mini ƙaryar da ta fi wannan ba.

Bayan azahar za ta dawo dubiya da matan unguwa. Idan ta leƙa rijiyar, mu kora ce, shi kuma gidan zu, yara su riƙa jifansa da gyaɗa.

Na tafi Anloga wajen kafintoci nema wa rijiyar murfin katako mai kauri. Ku kwanta ku ja bargo. Duk sanda ya yi gurnani, ku buɗe baki ku dafe ƙirji. Kada ku makara.

Za ta zo da jiƙon dogon yaro, kuma ba za ta tashi ba sai kofin ya zama wayam. Ku shanye. Ku kuka ɗauko Kwabena daga tafkin Bosomtwe a bokiti kuna cewa maraya ne.

Kausara