Fiton Kiran Kwalli

Zuwa ga Yayana, Dogon gidanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da 'yar Gimbiyarku, wadda har yau a hoto kawai muka san ta. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikin da ya kai ka can, ya raya mana ita. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene ba tare da ta tsaya hutawa a tsakiya ba. Ni kuma ina nan ina fama da 'yan ajina, kullum in dawo gida murya a dishe. Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wadda take damunka da waya kusan kullum. To, akwai maganar da in na ɗauko ta da baki kuka zai riga ni, kuma ka san gidan nan, ko tari mutum ya yi a kicin sai an ji shi a falo.

Bari in fara da labarin mutuniyarka, kyanwarka Kwalli, tunda na san ita za ka fara tambaya kafin ka tambaye ni. Tana nan, ta tsufa, baƙin nan da ya zagaye idanunta har ya fara furfura, amma mulki sai abin da ya ƙaru. Kujerarka ta kusa da taga ta zama tata, ko baƙo aka yi sai dai ya nemi wani wurin. Ɗanta Malalaci kuwa sunansa ya bi shi. Rannan ɓera ya wuce ta gaban hancinsa, wallahi ido ɗaya ya buɗe ya kalle shi ya mayar ya rufe. Umma ta ce asarar kifin gwangwani kawai ake yi. Da safe in ina shirin fita su biyun sukan bi ni har bakin ƙofa suna shafa mini ƙafa, in tafi makaranta da gashinsu a jikin zanena. Sai dai har gobe, in aka taɓa ƙofar gida da yamma, Kwalli takan ɗaga kai ta saurara, in ta ji ba takunka ba ne ta mayar da kai ta kwanta. Shekara uku ke nan, Yaya, ba ta gaji ba. Ni ma ina kewarka, ba zan ɓoye maka ba.

Baba kuwa ka san halinsa. Tun ranar da ka ce masa ba za ka gaji shagon gyaran agogo ba, shi ma ya ce in ka tafi kada ka neme shi, bai sake kiran sunanka ba. In ka kira Umma sai ya miƙe ya ce zai duba wani aiki. Idanunsa sun yi rauni, ya rufe shagon, ya kwaso teburinsa da gilashinsa da 'yan ƙananan kusoshinsa ya dawo da su ɗakin gaba. Kullum cikin ƙorafi yake wai kyanwar wancan, haka yake kiranka yanzu, tana hawa teburin tana watsa masa kaya. Amma ni da idona na ga tsohuwar rigar sanyinsa a ninke a gefen teburin, daidai inda rana take sauka, kuma ba shi yake kwanciya a kai ba. Sannan akwai agogon bango guda ɗaya cikin goma sha ɗayan da ke ɗakin, wanda kullum yake gaba da sauran da awa uku cif. Na tambaye shi, ya ce lalacewa ya yi. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyara wa jama'a agogo! Sai da na lissafa na gane lokacin garinku ne. Labarin zuciya dai a tambayi fuska.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Makon jiya masu gyaran famfo suka zo, suka bar ƙofa a buɗe, ƙarar injinsu ta firgita Kwalli ta fice. Ba mu ankara ba sai da Umma ta zuba musu abincin rana, Malalaci ya cinye nasa ya haɗa da na uwarsa. Mun duba ƙarƙashin gadaje, mun duba bayan firji, na zagaye layinmu ina buga cokali a kwanonta har maƙwabta suka fara leƙowa. Shiru. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku. Umma ta ce ai kyanwar nan kiran mutum ɗaya take amsawa, fiton nan naka, gajere biyu da dogo ɗaya mai hawa sama. Na gwada, sai iska da yawu. Baba ya ce mu daina wahalar da kanmu, dama ya huta da ɓarna.

A rana ta huɗu na taso makaranta da wuri. Ina shawo kwanar layin sai na hango Baba a bakin shagon kafinta, ya sunkuya yana leƙen ƙarƙashin katakai, hularsa a karkace. Yaya, fito yake yi. Fitonka. Ka san haƙoransa na gaba sun zube, iska ce kawai take fita, amma gajere biyu ne da dogo ɗaya, bai kuskure ba. Ashe duk shekarun da yake ce maka fito aikin marasa aikin yi ne, yana saurare. Na laɓe a bayan wata mota don kada ya ji kunya. Kafintan ya faɗa mini daga baya cewa tun ranar farko Baba yake zuwa, da zarar ya ga Umma ta shiga kicin.

A nan ne dabara ta zo mini, kuma a nan na yi wautar da har yanzu take ci mini rai. Na tuna da wani tsohon bidiyo a wayata, wanda na ɗauke ka a baranda kana kiran Kwalli tana 'yar ƙarama. Washegari da la'asar na aro 'yar sifikar maƙwabciyarmu, na tsaya a ƙofar gida, na ƙure murya na saki fiton. Ka san ni da rawar kai, ban gaya wa kowa ba, so nake in ba su mamaki. Sau uku na maimaita. A na ukun sai ga Kwalli ta sauko daga rufin garejin da ke kallon gidanmu, duk ta rame ta yi buɗu-buɗu da ƙura, tana gudu tana kuka. Na durƙusa zan ɗauke ta ke nan na ji an buɗe ƙofa da ƙarfi a bayana.

Baba ne. Ba takalmi a ƙafarsa, gilashin aikin yana maƙale a idonsa ɗaya, bai ma tsaya cirewa ba. Ko kallon kyanwar bai yi ba. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya dubi ƙarshen layi inda motocin haya suke sauke mutane, sai na ji ya kira sunanka, sunanka na yanka, da ƙarfi, karo na farko a shekara uku. Sannan idonsa ya sauka a kan sifikar da ke hannuna. Wallahi Yaya na gwammace ya mare ni da kallon da ya yi mini. Bai yi faɗa ba. Ya sunkuya ya ɗauki Kwalli ya rungume ta a ƙirjinsa, ya ce mata ita ma an yaudare ta ko, ya juya ya shige. Ranar bai ci abincin dare ba. Da na je ba shi haƙuri washegari, na same shi yana murɗa makullin agogon nan mai awa uku, ya ce ba komai, dabara ce mai kyau, tunda ga kyanwa ta dawo.

Yaya, ban rubuto don in ce wane ne mai gaskiya ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na san maganarsa ta ƙona maka rai, na kuma san taurin kan nan naka ba a ƙasa ka tsince shi ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma Baba ya tsufa fiye da yadda kake gani a hotunan da nake turo maka, don nakan zaɓi masu kyau ne. Shi ba zai taɓa kiranka ba, kunya da girma ba za su bar shi ba. Kai ne ƙarami, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle mahaifi. Ina tsoron ranar da za ka yi fiton nan a ƙofar gida da bakinka, kyanwa ce kaɗai za ta fito.

Umma tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan Gimbiya. Goggo da Kawu Mai Shayi suna gaisuwa, haka ma maƙwabciyarmu mai sifika. Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata ina nan ina jiran hotunan da ta yi mini alkawari. Ranar Asabar mai zuwa ka kira wayata da ƙarfe bakwai na yamma a agogonku, lokacin nan ƙarfe huɗu ne, Baba yana kan teburinsa, Kwalli tana kan rigar sanyin. Ba sai ka shirya wata doguwar magana ba. Ka ce kawai kana so ka gaisa da kyanwarka. Zan ce hannuna da sabulu, in miƙa masa wayar ya riƙe mata.

Ƙanwarka mai surutu,
Aku